Sharhi a kan kwamfalseta, janaretan da ke tayar da maganaɗisun kansa

Akwai kayan lantarkin da kowa ke iya shiga kasuwa ya saya, akwai kuma waɗanda hukumomin bincike da rundunonin soja kaɗai ke yin odarsu, a ƙera musu guda ɗaya ko biyu, a gwada, a rubuta rahoto, sannan a zauna a yanke shawarar ko za a ci gaba da kashe kuɗi a kansu. Kwamfalseta yana cikin rukuni na biyu. Janareta ne mai juyawa wanda aka ƙera don ya tara ƙarfi a cikin gudun rotansa, wato ɓangarensa mai juyawa, sannu a hankali, sannan ya amayar da wani kaso na ƙarfin a matsayin wutar lantarki cikin milisakan kaɗan, wato kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa guda. Babban mai buƙatarsa shi ne bindigar dogo, wadda ke harba harsashi da ƙarfin maganaɗisu maimakon albarushi. Wannan sharhi ya karkata ne ga samfurin da ba shi da baƙin ƙarfe a cikinsa, wanda ke tayar da maganaɗisunsa da wutar da shi kansa yake samarwa, domin a ganina wannan dabara ita ce mafi kyawun abin da ke cikin injin, kuma daga gare ta ne yawancin ɗawainiyarsa ta samo asali.

Asalin injin daga Cibiyar Nazarin Injinan Lantarki ta Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka yake. A ƙarshen shekarun 1970 ne William Weldon da Mircea Driga da Herbert Woodson suka fito da shi, aka kuma ba su takardar mallakar ƙirƙira a 1980. Ba don bindiga aka fara ƙera shi ba, an yi samfurin farko ne domin ɗakin binciken Lawrence Livermore, inda ake neman abin da zai maye gurbin tarin kafasitoci, wato na'urorin da ke tara wutar lantarki su sake ta farat ɗaya, waɗanda ke kunna fitilun manyan na'urorin leza. Daga baya, da sojojin Amurka suka mayar da hankali kan bindigar dogo a shekarun 1980, sai injin ya sami wanda zai ɗauki nauyinsa.

Kafin a auna kowane kaya sai an san aikin da aka ɗora masa. Bindigar dogo sanduna biyu ne na ƙarfe da aka jera kusa da juna, harsashi yana tsakaninsu, wuta tana shiga ta sanda ɗaya, ta ratsa gindin harsashin, ta dawo ta ɗayar. Ƙarfin da ke ingiza harsashin yana ƙaruwa ne da ninkin wutar sau kanta, saboda haka idan aka ninka wuta biyu, turin zai ninka huɗu. A bindiga mai sauƙin ƙira, ampiya miliyan 1 tana ba da turin da ya kai nauyin kimanin tan 25 a kan harsashin da bai fi cikin tafin hannu ba. Ana buƙatar wannan wuta ta zo nan take, ta tsaya daram muddin harsashi yana cikin bututu, sannan ta ɗauke daidai lokacin da zai fita, domin idan ta ci gaba da kwarara sai wani irin tartsatsi mai cin ƙarfe ya tashi a bakin bindigar. Janaretan da aka saba da shi ba ya iya wannan, saboda naɗin wayarsa yana da indoktans mai yawa, wato nauyin jikin da naɗi ke nunawa duk lokacin da aka so a canza yawan wutar da ke bin sa da sauri.

Maganin da mutanen Texas suka kawo shi ne sanya wani abu mai ɗaukar wuta dab da naɗin fitarwa, wato naɗin wayar da wutar janaretan ke fita ta cikinsa, ta yadda idan wuta ta taso a naɗin, wata wutar mai kishiyantar ta za ta taso a wancan abin, su matse maganaɗisun a ɗan siririn ratar da ke tsakaninsu, indoktans ya faɗi ƙasa warwas. An gwada hanyoyi uku. Akwai naɗi na biyu da ake haɗawa da na farko ta burushi, akwai garkuwar alminiyam mai zagaye wadda ba a haɗa ta da komai, akwai kuma naɗin da aka gajarce aka dasa shi a zaɓaɓɓun wurare, wanda ke ba mai ƙira damar tsara siffar bugun wutar, ya faɗaɗa shi ya daidaita samansa. Da yake wutar janaretan mai kai da komo ce, tana faɗowa sifiri da kanta a ƙarshen kowane bugu, kuma ragowar ƙarfin da ya maƙale a sandunan bindiga yana iya komawa cikin rota. A wannan fanni ba ni da abin zargi. Idan aka kwatanta shi da janaretan faifai irin wanda Mark Oliphant ya jagoranci ginawa a Canberra ta Ostireliya, wanda ke tara ƙarfin da ya kai megajul 500, wato jul miliyan 500 a ma'aunin ƙarfi, kuma da shi Richard Marshall da abokan aikinsa suka harba ɗan harsashin giram 3 da gudun kilomita 5.9 a daƙiƙa a ƙarshen shekarun 1970, za a ga bambanci a fili, domin janaretan faifai boltejinsa kaɗan ne, sai an haɗa shi da wani katafaren naɗi da makunnin da zai iya katse ampiya dubu ɗaruruwa farat ɗaya, kuma katse irin wannan wuta ya fi kunna ta wuya nesa ba kusa ba.

Samfuran farko na kwamfalseta suna da baƙin ƙarfe kamar kowane janareta, kuma nauyinsu ya hana a yi tunanin ɗora su a kan motar yaƙi. Baƙin ƙarfe yana da kyau wajen ƙarfafa maganaɗisu, sai dai yana ƙoshi idan aka kai wajen tesla 2 a ma'aunin maganaɗisu, bayan haka ko an ƙara wuta ba ya ƙara komai, ga shi kuma ba ya jure gudun da ake buƙata. Saboda haka aka cire shi, aka ƙera rota da zaren kabon da zaren gilashi da aka daskarar a cikin danƙon efoksi, aka binne wayoyin a ciki. Injin ya yi sauƙi, ya sami damar juyawa da gudu mai tsanani, maganaɗisunsa kuma ya daina samun rufin da zai tsayar da shi. Amma an biya wannan da tsada, domin naɗin maganaɗisun da a da ampiya ɗaruruwa ke isarsa, yanzu sai an ɗura masa ampiya dubu gomomi, kuma ƙarfin da ke taruwa a cikinsa kaɗai yana kai wa ga megajul. Babu naɗin da zai riƙe irin wannan wuta na minti guda ba tare da ya ƙone ba, kuma idan aka ce wata na'ura ce daga waje za ta samar da ita cikin ƙiftawar ido, to girman na'urar zai cinye duk sauƙin da aka samu daga cire ƙarfen. Abin da ya rage shi ne injin ya ciyar da naɗinsa da kansa.

Ita kanta dabarar tsohuwa ce. A farkon 1867 Werner Siemens a Berlin da Charles Wheatstone a Landan suka bayyana ta kusan lokaci guda, kuma Samuel Alfred Varley ya riga ya nemi takardar mallaka a kanta a ƙarshen 1866. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai gyaran janareta ya ga yadda take aiki. Ƙaramin janaretan gida yana dogara ne da ɗan ragowar maganaɗisun da ke maƙale a ƙarfen rotansa, shi ne ke haifar da 'yar wuta da zarar an ja igiya, wutar ta koma naɗi ta ƙara maganaɗisu, maganaɗisu ya ƙara wuta, har injin ya kai boltejinsa. Idan janareta ya daɗe a ajiye ragowar ta gushe, sai ka ji inji yana kuka lafiya lau amma ƙwai ko ɗaya bai kama ba, mai gyara kuma ya buɗe murfin baya, ya ɗauko batir, ya ɗan taɓa wayoyinsa biyu a kan burushi, nan take wuta ta kawo. Kwamfalseta marar ƙarfe kullum a wannan hali yake, domin zaren kabon ba ya riƙe maganaɗisu ko kaɗan, saboda haka kafin kowane harbi sai an yi masa wannan taɓawar.

Ga yadda abin ke gudana. Wani inji na daban yana juya rota har ya kai cikakken gudunsa, a lokacin babu wuta ko kaɗan a cikin naɗe-naɗen, rota yana juyawa ne kawai a matsayin ma'ajiyar ƙarfi. Idan aka ba da umarnin harbi, wani ƙaramin kafasito da aka riga aka cika yana zuba wutarsa a naɗin maganaɗisu, wannan ita ce wutar iri. Ɗan maganaɗisun da ta haifar yana sa naɗin fitarwa ya samar da boltej, sai wata gada ta tairistoci, wato makunnan lantarki marasa motsi da ake kunnawa da sigina, ta miƙar da wannan wuta mai kai da komo ta mayar da ita naɗin maganaɗisu. Daga nan kafasiton ya gama aikinsa, zagayen ya ci gaba da ciyar da kansa, kuma duk ƙarfin da ke shiga naɗin daga gudun rota ake zaro shi. Cikin milisakan gomomi wutar takan kai adadin da ake so, a dakatar da gadar, a bar wutar naɗin tana zagayawa ta wata hanyar gefe, sannan a rufe babban makunni wutar fitarwa ta faɗa cikin bindiga.

Sharaɗin tashin guda ɗaya ne, kuma mai sauƙin fahimta. Kowace ampiya da ke cikin naɗin maganaɗisu tana haifar da wani adadi na boltej a naɗin fitarwa, adadin kuma ya danganta da gudun rota da kuma yadda naɗe-naɗen biyu suka rungumi juna. Idan wannan boltej ya fi wanda turjiyar wayoyi da burushi da makunnai ke cinyewa, wuta za ta hau. Idan bai kai ba, wutar irin za ta lafa ta mutu. Ma'ana akwai wani gudu da idan rota bai kai shi ba, injin ba zai taɓa tashi ba komai girman kafasiton da aka sa masa.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne yadda hawan yake. Ba ƙari ake yi ba, ninkawa ake yi. A ƙaddara, don misali kawai, cewa wutar naɗi tana ninka biyu a kowane milisakan 5, kuma an fara da ampiya 1,000. Bayan milisakan 25 za ta kai 32,000. Idan 32,000 ɗin ake nema, kuma na'urar sarrafawa ta makara da milisakan 5 kacal, wutar ta kai 64,000, zafin da naɗin ke haifarwa da ƙarfin da ke ƙoƙarin yaga shi kuma duk sun ninka huɗu. A janareta mai baƙin ƙarfe wannan ba ya faruwa, domin ƙoshin ƙarfen shi ne birkinsa, shi ke sa boltej ya tsaya da kansa a wani mataki. A nan an cire birkin da gangan. Abin da zai iya dakatar da hawan, idan ba makunnai ba, shi ne rota ya rage gudu ko waya ta yi zafin da turjiyarta za ta ƙaru, kuma kafin ɗayansu ya yi tasiri ɓarna ta riga ta auku. Don haka lafiyar injin gaba ɗaya tana rataye ne a kan na'urar da ke auna wutar naɗi da kuma amincin tairistocin gadar. Ina ganin wannan shi ne abu na farko da ya kamata duk mai shirin yin odar irin wannan inji ya bincika, tun kafin ya tambayi yawan megajul ɗin da rota ke ɗauka.

Ribar da ake samu ba ƙarama ba ce. Kafasiton da ƙarfinsa ɗan ƙaramin kaso ne na abin da naɗin zai ɗauka a ƙarshe ya isa ya tayar da komai, kuma da yake naɗin ba ya ɗauke da wuta sai na ɗan lokacin harbi, ana iya ƙera shi da siririyar waya fiye da yadda lissafin aikin dindindin zai yarda. Abin da ya ƙara burge ni shi ne abin da ke faruwa bayan harbi. Ƙarfin da ya rage a naɗin maganaɗisu ba dole ne a ƙona shi a banza ba, domin idan aka jinkirta lokacin kunna tairistocin, gadar tana juya aikinta, ta zaro wutar daga naɗin ta mayar da ita naɗin fitarwa, injin ya zama mota na ɗan lokaci, rota ya ɗan ƙara gudu. Na'ura guda ce ke cika naɗin kuma ita ce ke kwashe shi, kuma wannan tsumulmula ce mai kyau a ƙira.

Samfurin da ya fi dacewa a auna wannan da shi shi ne wanda cibiyar Texas ta ƙera a farkon shekarun 1990 domin bindigar lantarki mai matsakaicin baki, da tallafin sojojin ƙasa da sojojin kundumbala na ruwa na Amurka. A bisa alƙaluman ƙirarsa, rotansa yana tara megajul 40 a gudun juyi 12,000 a minti, yana da kawunan maganaɗisu 4, yana fitar da wutar da ta haura ampiya 800,000, nauyin injin kuma kimanin tan 2 ne. An tsara shi ya harba harsashi mai giram 185 da gudun mita 1,850 a daƙiƙa, jeri uku na harbi biyar biyar, harbi biyar a cikin daƙiƙa guda. Idan aka yi lissafi, kowane harsashi yana fita da kimanin kilojul 317, duka 15 ɗin kuma ba su kai megajul 5 ba. Megajul 40 ɗin kanta ba ta fi ƙarfin da ke cikin litar fetur ɗaya da 'yan kai ba, wanda ke nuna cewa gwanintar injin tana cikin saurin fitarwa ne, ba yawan abin da ya tara ba. Sai dai tazarar da ke tsakanin 40 da 5 tana buƙatar bayani, kuma a nan ne kuɗin da aka ɓoye a cikin dabarar tayar da kai ke fara bayyana.

Wani ɓangare na tazarar dole ne, domin ba a iya tatse rota har ya tsaya. Ƙarfinsa yana tafiya ne da ninkin gudu sau kansa, saboda haka idan gudu ya sauka zuwa kashi 70 cikin 100, rabin ƙarfin ya riga ya fita. Amma raguwar gudun tana cutar da injin ta fuska biyu. Boltejin fitarwa yana raguwa, sai an ƙara wutar naɗi don a cike gurbin, kuma ninkawar kanta tana yin sanyi, wato ana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin a kai adadin da ake nema. Ga kuma zafi. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, saboda haka naɗin da ya ƙara digiri 100 turjiyarsa ta ƙaru da kusan kashi 40. Harbi na ƙarshe a jeri yana samun rota mai sanyin gudu da naɗi mai zafi, kuma yana neman wutar da ta fi ta harbin farko, ga shi tsawon lokacin cikawar yana ƙara zuba zafi a naɗin da ya riga ya yi zafi. Dole mai ƙira ya gina injin a kan buƙatar harbi na ƙarshe, wanda ke nufin a harbin farko yana ɗauke da nauyin da ba ya amfani da shi.

Za a iya cewa a gaggauta cikawar don a rage asara, kuma gaskiya ne cewa gajeren lokaci yana rage abin da turjiya ke ci. Amma saurin yana buƙatar boltej mai yawa a kan naɗin da wuta mai yawa a cikin gadar, wanda ke nufin ƙarin tairistoci a jere da kuma a gefe da gefe, da ƙarin kaurin rufin waya. A injin da ke da garkuwar alminiyam akwai wata matsalar kuma, domin garkuwar ba ta san bambanci tsakanin maganaɗisun da aka sa ta ta tare da wanda ake so ya wuce ba. Idan maganaɗisun naɗi ya taso da sauri, wutar banza tana tasowa a cikinta ta hana shi ratsawa, ta jinkirta hawan, ta kuma mayar da wani ƙarfin zafi. Fitar da zafin shi ma aiki ne, tunda efoksi da zaren gilashi ba sa wuce da zafi kamar ƙarfe, kuma danƙon yana laushi a zafin da ƙarfe ko gezau ba zai yi ba. Sanyaya naɗi da ruwan naitrojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, yana rage turjiyar jan ƙarfe ninki bakwai zuwa takwas, kuma yana sauƙaƙa tashin ƙwarai, amma wanda zai ɗora injin a kan motar yaƙi ba zai yi maraba da tankin naitrojin ba.

Sauran aibobin na kowane inji mai tsananin gudu ne, kuma ba sai an daɗe a kansu ba. Burushi na ɗaukar wuta mai yawa a kan zoben da ke gudu, boris na buƙatar mai da sanyaya, rota na buƙatar gida mai ƙarfi da zai tare shi idan ya fashe, kuma a lokacin harbi injin yana murɗa abin da aka ɗaure shi a kai da ƙarfin gaske. Saboda wannan murɗawa ne aka koma tunanin haɗa injina biyu masu juyawa a saɓanin juna. Samfuran baya sun kuma mayar da naɗin maganaɗisu kan rota, suka bar naɗin fitarwa a tsaye mai layi da yawa, ta yadda babbar wutar ba ta bi ta burushi, kuma ana haɗa gajerun bugu da dama a gina bugu ɗaya mai tsawon da ake so. Wannan ya gyara abubuwa da yawa, har da santsin wutar da ke ciyar da naɗi, amma ya mayar da nauyin kan makunnai, har ya zama tarin tairistocin yana gogayya da injin kansa a girma da tsada.

Kishiyarsa ta gaskiya ita ce kafasito, kuma a kan takarda kwamfalseta ya yi mata nisa. Megajul 40 a tan 2 na nufin kilojul 20 a kowane kilo, alhali kafasiton bugun wuta da ƙyar yake wuce kilojul 2 a kilo. Amma wannan kwatanci yana da ha'inci, domin kafasito yana ba da kusan duk abin da ya tara, ba shi da abin da ke juyawa, ana iya jera shi akwati akwati, idan ɗaya ya lalace a cire shi a ci gaba da sauran, alhali kilojul ashirin ɗin kwamfalseta bai haɗa da injin da ke juya shi da gadar tairistoci da famfunan mai ba. Kafasitoci kuma sun yi ta inganta a shekarun da ake fama da rotocin zaren kabon. Abin da ya faru a aikace ya nuna inda masu saye suka karkata. Sojojin ruwan Amurka sun yi harbin megajul 10.64 a Dahlgren ta jihar Virginia a Janairun 2008, da na megajul 33 a Disambar 2010, duka da tarin kafasitoci, kafin su dakatar da kuɗin shirin a 2021. Cibiyar binciken haɗin gwiwa ta Faransa da Jamus da ke Saint-Louis da kafasitoci take ciyar da bindigarta mai megajul 10. Japan, wadda ta sanar da harbi daga kan jirgin ruwa a Oktoban 2023, ita ma hanyar da ta bi ke nan. Samfurin Texas mai megajul 40 kuwa ya tsaya ne a matsayin injin gwaji, bai zama kayan aikin runduna ba.

Duk da haka ba zan ce an yi watsi da tara ƙarfi a cikin rota ba. Jirgin yaƙin Amurka mai ɗaukar jiragen sama, Gerald R. Ford, wanda ya fara aiki a 2017, yana cilla jiragensa ne da majaujawar lantarki ta kamfanin General Atomics, wadda ke jan ƙarfinta daga manyan janaretoci masu juyawa, tana zaro shi cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, ta sake cikawa cikin kimanin daƙiƙa 45. A can bugun na daƙiƙoƙi ne, jirgin ruwa kuma yana da wurin ɗaukar nauyi, saboda haka babu tilascin a matse komai cikin milisakan. A ƙasar Sin kuwa jami'o'i irin su Cibiyar Fasaha ta Harbin sun ci gaba da ƙera kwamfalseta da wallafa bincike a kan tayar da kansa, musamman yadda za a zaɓi girman kafasiton iri da lokacin kunna gada.

Wanda zan ba shawarar ya nemi wannan inji shi ne mai buƙatar bugu da yawa a jere cikin ɗan lokaci, a wurin da kowane kilo da kowane taku na fili ke da daraja, kuma yana da injiniyoyin da za su zauna da shi kullum, domin a irin wannan aiki tarin kafasito sai an sake cika shi bayan kowane harbi, rota kuwa yana ɗauke da jerin gaba ɗaya a cikinsa. Ɗakin binciken da ke harbi ɗaya a sa'a, wanda fili bai dame shi ba, kafasito ya fi masa sauƙi da arha da kwanciyar hankali. Haka ma wanda ke so makaminsa ya kasance a shirye dare da rana, tunda kwamfalseta sai dai a bar rotansa yana ta juyawa yana cin mai da boris, ko a kashe shi a jira ya sake ɗaukar gudu a lokacin da ake gaggawa. Wanda ya ga buƙatarsa ta dace da injin, ya nemi masu ƙira su nuna masa sakamakon gwajin harbi na ƙarshe a jeri, da naɗi mai zafi da rota mai raguwar gudu, ya kuma nemi a nuna masa hanya ta biyu mai zaman kanta da za ta katse hawan wutar naɗi idan tairisto ɗaya a gadar ya ƙi mutuwa.